Siket da Bulawus a Maamobi

Na je Ankara, babban birnin Gana, a motar jam'iyya. Na dawo a bayan motar albasa. Tsakanin zuwa da dawowa na yi magana ɗaya a gaban jama'a, kuma har yau ban gama gane abin da ta jawo ba.

Kiran sallar asuba ya same mu a tashar Bolga, muna idarwa mota ta tashi. Ni manomin albasa ne a wani ƙauye wajen Zebila, amma katin zaɓena na Maamobi ne, wata unguwa a Ankara. Can na yanke shi tun ina dako a kasuwar Tudu, ina kwana a zauren yayata. Da bayana ya ƙi kaya na koma gida, kati ya zauna yadda yake. Bana wani ciyaman na jam'iyya ya bi ƙauyuka yana neman irinmu, masu jiki a arewa da ƙuri'a a Ankara. Ya ce mota kyauta ce, zuwa da dawowa. Na daɗe ban ga yayata ba. Ta tsufa, ni ma na bi ta. Na ce a sa ni.

Lambu ne damuwata. Albasata ta fara yin kai, lokacin da ba ta yafe ƙishirwa. Da guga muke ba ta ruwa safe da yamma daga rijiyar bakin rafi, matata kuwa tun da aka yi mata aiki ba ta iya jan guga sosai. Maƙwabcina ya ce zai riƙe mini har ranar kasuwar da ke bin zaɓe, daga nan zai wuce wajen surukansa, ba zai ƙara ko yini ba. Ciyaman ya ce kashegarin zaɓe mota za ta juyo. Na ga komai ya zauna daidai. Albasar nan ita ce cinmu har damina.

Da zan fita matata ta riƙe mini jaka ta ce, "In ana rabon atamfa kada ka tsaya jin kunya. Ka karɓo mini."

Motar babba ce mai sanyi, irin wadda ban taɓa biya na shiga ba. Tun kafin Walewale aka raba mana burodi da sardin da ruwan leda, da riga mai fuska biyu. Ta sama ta mai neman shugaban ƙasa ce, ta ƙasa ta mai neman majalisa a mazaɓarmu. Shi ne ya biya motar, Onarabul suke ce masa. Ciyaman ya tsaya tsakanin kujeru ya koya mana aiki: takarda biyu za a ba ka, ka nemi alamarmu a kowace, ka dangwala. Ban yi boko ba, amma alama na gane ta.

Wanda ke gefena ya sa rigar a kan wata riga. Da ya sunkuya zai ɗauki ruwa na ga ta ciki ta ɗaya jam'iyyar ce. Ya ga na gani, ya ce, "Ta dawowa ce, in ta ɓaci." Na yi zaton wasa yake.

Hanya ta yi kyau wani wuri, wani wuri rami ne sai direba ya yi ta zaɓen wanda zai faɗa. Kowane gari muka ratsa, tutocin jam'iyyun biyu ne a jikin itace ɗaya, wata sama wata ƙasa. A Kintampo muka tsaya sallah. Soyayyar doya ta yi tsada ta kuma ƙanƙance, yankan da na sani kamar tafin hannu ya koma kamar yatsa. Na tambayi mai doyar wa za ta zaɓa, ta ce wanda ya sayi doya. Kumasi cunkoso ne kawai na gani. Daga nan na yi ta barci ina farkawa, duk farkawa waƙar jam'iyya ɗaya ce ke tashi.

Kashegari da hantsi aka sauke mu a Kawukudi, cikin Ankara, aka ce nan za mu taru ranar komawa. Na taka zuwa Maamobi. Manyan tituna sun canza, gadoji sun hau kan gadoji, amma lungun yayata yana nan: in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya juya kafaɗa. Gota na nan a ƙofar gida da baƙin ruwanta, katako ɗaya a kai ana tsallakawa. Bango kuwa ba a ganin bango. Fuska kan fuska, an liƙa wani an yage wani, ka ga idon wannan da gemun wancan. Lasifika uku na ji lokaci ɗaya, biyu na siyasa, ɗaya na wa'azi.

Yayata koko da ƙosai take sayarwa a bakin lungu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne ka rame haka, ko rigar ce ta yi maka yawa?" Ta cika mini kofi. Ɗanta mai acaɓa ne, shi da abokansa suna da benci a gindin bango inda suke dafa shayi, suna ce masa bes. Hausarsu ba mace ba namiji, uwarsa ma "ya ce" ce, kuma kafin ya kai ƙarshen magana ya ratsa Turanci da yaren Tuwi ya dawo. Kowa "cale" ne a bakinsa, wato aboki. Rabi nake kamawa.

Da yamma muna cin tuwo yayata ta rage murya.

"Ƙanena, bana gidan nan siket da bulawus za mu yi. Kai ma da kai."

"Har da maza?"

"Har da maza. Lungun nan kaf."

"Yaushe?"

"Ranar zaɓe mana. A cikin rumfa."

Ɗanta ya ɗaga kofi ya ce, "Kawu, kai dai ka shigo layi." Na ce na shigo. A raina na ce to, atamfa ta ƙare, an koma ɗinkakke. Na ɗauka anko ne Onarabul zai raba, mata su sa, maza su kai wa matansu. Na ma yi ta tunanin ko za su sami daidai matata, don ta yi ƙiba bayan aikin. Ban tambaya ba. Ba ni da ɗabi'ar tambaya sau biyu.

Ranar Juma'a 'yan takarar majalisa biyu suka zo masallaci, ɗaya kafin huɗuba, ɗaya bayan sallama. Wannan ya kawo tabarmi, wancan ya kawo butoci. Liman ya yi wa kowanne addu'a da kalmomi iri ɗaya, muka ce amin iri ɗaya. Na fito ban san wanda Allah aka roƙa wa ba.

Bayan la'asar aka tara mu 'yan mota a wani fili, da jama'ar unguwa, don Onarabul ya gan mu. Ganguna, babura, mata da tutoci a kai. Ya zo cikin babbar riga fara, mutum ne mai fara'a, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya yi magana a kan gota da asibiti da aikin matasa. Sai ciyaman ya kamo hannuna ya hau da ni dandamali, ya ce ga dattijon da ya fi kowa nisa, tun daga bakin iyaka ya zo saboda ƙauna. Onarabul ya dafa kafaɗata ya ce, "Baba, faɗa wa mutanen Zango abin da ya kawo ka." Ya sa mini makirfo a baki.

Na tuna maganar matata. Ga mai kayan da kansa, wa zan tsaya roƙo kuma?

Na ce, "Ranka ya daɗe, na gode da mota. An ce bana siket da bulawus ne. To ni ma ina ciki. Gidan yayata duk suna ciki, lungunsu kaf, maza da mata. Matata ma ta ce kada in ji kunya."

Sai can baya aka kwashe da ihu, samari na tsalle suna buga benci. Na gaba kuma suka taso suna zagi. Onarabul yana dariya da haƙora kawai, hannunsa ya bar kafaɗata. Wani ya zare waya, lasifika ta mutu. Ni ina tsaye ina duba ta ina za a fito da kayan.

Ciyaman ya ja ni bayan dandamali ya matse mini hannu.

"Wa ya biya ka?"

"Ba wanda ya biya ni. Ku kuka kawo ni."

"Tsohon banza. Cire mana riga."

Na cire na ba shi. Tawa tana ciki. An taɓa fasa mini kai a Tudu saboda buhun da ba nawa ba, don haka matsar hannu ba ta dame ni ba. Rashin sanin laifina ne ya dame ni. Ɗan yayata ya kutso da babur ya ce in hau, muka bi ta lunguna yana ta faɗa. "Kawu, ka kashe mu! Mma ya ce ka faɗa a makirfo? Cale, lungu kaf ka ce fa!"

Yayata ta riga ta gani a waya kafin mu iso. Tana zaune kan turmi tana dariya har tana share ido da gefen mayafi. Da ta samu numfashi ta ce in zauna. Ta kama zanenta ta kama rigarta, atamfa ɗaya ce. Ta ce wannan shi ne ka zaɓi jam'iyya ɗaya sama da ƙasa. Sai ta nuna wata yarinya mai wucewa da baƙin siket da jar riga. Ta ce wancan kuma, ka ba jam'iyya shugaban ƙasa, ka hana ta ɗan majalisa, ka ba na wata. Shi ne siket da bulawus. Su suna son na sama, amma Onarabul sun gaji da shi. Tun zaɓen da ya wuce ya ce zai rufe gota, kuma duk damina ruwanta a ɗakinta yake kwana, sai ta ɗora katifa kan tebur.

Na ce, "To kayan fa?"

Ta ce, "Wane kaya?"

Nan na gane na hau dandamalin mutum, na ci burodinsa, na gaya masa a gaban jama'arsa cewa za mu kayar da shi.

Da safe na nemi ciyaman a ofishinsu, wani shago ne da aka yi wa fentin jam'iyya. Na gaya masa gaskiya, tufafi na ɗauka. Ya juyo mini da waya. Ga ni nan a ciki, an sa wa maganata kiɗa, tana maimaita kanta, "ni ma ina ciki, ni ma ina ciki." Ya ce ko da gaskiya nake faɗa, in ya sa ni a mota yaransa za su ce ya ɗauki maci amana. Na ce ina da albasa a ƙasa. Ya ce, "Siket ya kai ka gida."

A titin Nima kuwa na zama wani abu. Baba Siket, Baba Siket. Mai shayi ya ƙi karɓar kuɗina. Mai shinkafa da wake ta ƙara mini ƙwai da taliya. Mahauci ya ɗaga wuƙa yana gaishe ni. Mutanen ɗaya ɗan takarar suka zo har gida da riga da hula, suka ce na faɗi abin da ke cikin kowa. Na ce musu ban san ma'anarta ba lokacin da na faɗa. Suka fashe da dariya, ɗaya ya ce, "Kun ji? Baba ya fi mu iya siyasa." Na ce mota nake nema. Suka ce in sun ci, har ƙofar lambu za a kai ni. Wanda na gaya wa gaskiya don ya yafe mini bai yarda ba, waɗanda na gaya wa don su bar yabona su ma ba su yarda ba.

Ranar zaɓe unguwa ta yi shiru kamar ba ita ba. Layi ya miƙe a harabar wata makaranta, wasu sun ajiye dutse da bokiti suna riƙe musu wuri. Na'urar ta ƙi karanta yatsana, igiyar guga ta cinye zanen. Ma'aikaciyar ta goge shi ta sake gwadawa, ta canza yatsa, da ƙyar ta karɓa. Aka ba ni takarda ta farko na dangwala wa na sama. Aka ba ni ta biyu. Na tsaya a rumfa da ita. Na tuna katifar yayata kan tebur. Na tuna kuma a Bolga na ce wa mutanen nan to, na hau motarsu, na ci abincinsu. Ba su ce zagi na cikin sharaɗi ba, amma ni ma ban ce zan fasa in an zage ni ba. Na nemi alamarsu na dangwala wa Onarabul. Atamfa ɗaya, sama da ƙasa.

Na fito samari na yi mini tafi, "Baba Siket ya gama aiki!" Na ratsa su na wuce gida.

Onarabul ya ci. Na shugaban ƙasa ana ta jira a rediyo, ni ban tsaya ji ba. Kashegari na ɗauki jaka na tafi Kawukudi. Motar na nan, mutane sun shafa farar hoda a fuska suna rawa, har da maƙwabcin kujerata, riga ɗaya ce a jikinsa yanzu. Na je ƙofa, wani ƙato ya tare. Na nuna wa ciyaman tawadar yatsana na ce, "Wallahi ku na yi wa, duka biyun." Ya ce kowa na da tawada. Haka ne. Tawada ba ta faɗin wanda ka zaɓa. Motar ta tashi ina ganin kujerata ta taga, an ɗora mata jakar wani.

Na bi ofishin waɗanda suka faɗi. Mai hayar kujeru ne kawai a ciki yana tattara kayansa. Wanda ya ce na iya siyasa na hango shi a bakin titi, na ɗaga hannu, ya sa waya a kunne. A lungu ma Baba Siket ya ƙare, wasu na cewa bakina ne ya farkar da Onarabul har ya zuba ƙarfi a daren ƙarshe. Kenan na taimake shi ko na cuce shi? Ban sani ba. Yayata ban gaya mata abin da na dangwala ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Ɗanta ya kira mini gida. Matata ta ce maƙwabci ya tafi yadda ya faɗa.

A Tudu motocin arewa sun cika, kuɗin mota ya hau saboda masu komawa, abin da ke aljihuna bai kai rabin hanya ba. Jarin yayata kuwa a cikin tukunyar koko yake, ban roƙe ta ba. Wani tsohon abokin dakona, yanzu gadin shago yake, ya ce in je kasuwar albasa da aka mayar bayan gari, manyan motoci na komawa arewa ba kaya. Na yi sallama da yayata. Ta cusa wata leda a jakata ta ce kada in buɗe sai gida.

A kasuwar na sami direba ɗan Nijar, Hausarsa cikakkiya kamar ta kakana. Ya ce in na taya su sauke kaya zai ɗauke ni. Bayan da na ce ya ƙi kaya, ranar ya ɗauka. Na shinshina albasarsu, ta fi tamu bushewa, tamu ta fi yaji. Muka kama hanya ina kwance kan buhunan wofi. Motar ba ta sauri, ga shingaye, ga taya da ta fashe bayan Kintampo muka yini a bakin daji muna cin gari da sukari. Tutocin nan na jikin itatuwa har sun fara yagewa. Direban ya tambaye ni wa ya ci. Na ce wanda na zaɓa. Ya ce to me nake yi a bayan mota? Na ce labarin da tsawo.

Ya sauke ni a mararrabar garinmu da rana tsaka. Ban biya gida ba, lambu na wuce. Albasar fangalin da ke nesa da rijiya ta kwanta, ganye ya koma kamar tsumma, ƙasa ta tsage. Na kusa da rijiya kore ne. Matata na zaune a gindin rijiyar da ƙaramin bokiti, ta ɗaure cikinta da ɗankwali. Rabin guga take ja, ta huta, ta kuma ja. Abin da hannunta ya kai shi ya rayu, bai kai rabi ba.

Na karɓi igiyar. Sai da na shayar da na kusa kaf sannan na tuna ledar yayata, na miƙa mata. Ta buɗe. Baƙin siket ne da jar riga, na gwanjo, an wanke an goge. Ta ɗaga ta gwada a jikinta, daidai.

Ta ce, "Wace jam'iyya ce ta bayar?"

Na ce, "Babu."

Abin da na koyo kaɗan ne. In an rage murya an gaya maka magana, ka tambayi ma'anarta kafin a sa maka makirfo. Sauran ban gane ba. Wanda na zaɓa ya bar ni a titi, wanda ban zaɓa ba ya ciyar da ni yini biyu ya manta ni, gotar yayata tana nan da katakonta. Katina zan mayar da shi nan gida, inda zan je rumfa da ƙafata in dawo kafin ruwan yamma.

Yanzu ina lambu. Na tuge matattun, na zuba alayyafo a wurinsu, shi ba ya daɗewa. Matata na gida tana hutawa, guga na hannuna.